Ofishin da ya shirya mana tafiya Zanzibar daga Sakkwato

Shekara biyu da 'yan watanni muka yi muna tara kuɗin wannan tafiya. Ni ina zuba adashi a makarantar da nake koyarwa, maigida kuma yana ware wani abu duk lokacin da albasa ta yi kasuwa. Autarmu ce ta jawo maganar tun farko. Wata rana muna ƙetare gadar Kwalkwalawa da damina, gulbi ya cika ya batse, ta tambayi babanta ko teku ya fi wannan girma. Ya ce mata in Allah ya yarda za ta gani da idonta. Ba ta manta ba, mu ma ba mu manta ba.

Mu shida muka tafi a watan Agusta na 2025, cikin dogon hutu: ni da maigida da yara uku, sai Inna, mahaifiyarsa. Tun da muka dawo ake ta tambayata a WhatsApp wa ya shirya mana, nawa muka kashe, ko wurin ya dace da iyali. Na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin ina da ƙorafi a kansu, kuma na tabbata mutanen ba macuta ba ne. Ofishi ne a cikin gari wanda yawancin aikinsa Umara ne da tikitin jirgi, su suka taɓa kai Inna Saudiyya ta dawo tana sa musu albarka. Wannan sanayyar ce ta kai mu wurinsu.

Da muka zauna da saurayin da ke kula da tafiye-tafiyen hutu, ya jero mana wurare: Maldibs, Sishel, Morishus, Zanzibar. Ba mu daɗe muna shawara ba. Zanzibar ce aljihunmu ya fi iya ɗauka, ga ta a Afirka, yanki ce ta ƙasar Tanzaniya tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, kuma kusan dukan mutanenta Musulmi ne. Maigida ya ce shi dai inda zai ji kiran salla, ya ci nama ba tare da tambaya ba, nan yake so.

Zan fara da inda suka burge ni, wato takardu. A nan kam sun san aikinsu ciki da bai. Ranar farko saurayin ya karɓi fasfo shida ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago kai ya ce wa maigida, "Alhaji, naka saura wata huɗu ya mutu, su kuma sai mai sauran wata shida." Da ba don shi ba da sai a filin jirgi za mu ji wannan labari. Ya kuma gaya mana tun da wuri cewa mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a wurin sauka kamar yadda 'yan wasu ƙasashe ke samu. Sai an nema ta intanet tun daga gida, a jira hukumar shige da ficensu ta amince, kuma jiran yakan ɗauki makonni. Ya hana mu biyan tikiti har sai da bizar ta fito, ko da yake farashi yana ta hawa, maigida yana ta ƙorafi. Yanzu na san gaskiyarsa. Shi ya tura mu yin katin rigakafin shawara, ya ce allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, kada mu bari sai ana gobe tafiya. Shi ya biya mana inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun watan Oktoba na 2024, dala 44 ga kowane babba, ya buga mana takardar. Duk ya zuba su cikin jaka guda mai zif, kowa da nasa kashi, da suna a rubuce. A filin jirgin Zanzibar na ga wasu iyali suna ta laluben waya suna neman takardar inshora, mu kuwa muka miƙa muka wuce.

Hanya ma ba laifi. Mun ƙi bin mota zuwa Kano saboda halin da hanyar Gusau take ciki, muka hau jirgi daga filin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga nan jirgin Ethiopian ya kai mu Addis Ababa, muka canza wani zuwa Zanzibar. Ofishin ya nema wa Inna kujerar turawa tun kafin mu tashi, saboda ciwon gwiwa, kuma a kowane zango mun tarar da mai tura ta yana jira. Agogon can yana gaban namu da awa biyu.

Yanzu ga inda aka samu matsala, kuma a kanta nake so mai niyyar zuwa ya tsaya ya karanta da kyau.

Otal ɗin da suka kama mana yana Paje ne, a gabashin babban tsibirin da ake kira Unguja, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga filin jirgi. A hoton da aka nuna mana a ofis, ruwa shuɗi yana taɓa matakalar otal. Mun isa da dare a gajiye. Da asuba na tashi salla na ji ruri kamar ana sheƙa ruwan sama a kan kwano, na leƙa ta taga na hango duhun ruwa yana motsi dab da katanga. Na koma na kwanta da murna. Wajen ƙarfe goma, bayan kari, yara suka shirya, auta tana gaba da gudu, muka fita. Babu teku. Farin yashi ne jiƙaƙƙe ya miƙe har inda ido ya gaji, kwale-kwale sun kife a gefe ɗaya a kan ƙasa, can nesa wani siririn farin layi na kumfa. Auta ta tsaya cak, ta juyo ta dube ni, idanunta suka ciko. Inna ta dafa sandarta ta ce, "To ina ruwan sunka tahi?"

Wani ma'aikacin otal ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani, ya kai mu inda suka manna jadawali a bango. A gabashin tsibirin, tekun yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma saboda gaɓar shimfiɗaɗɗiya ce, in ya janye sai ya yi nisan da mai ƙaramin yaro ba zai bi shi ba. Kowace rana lokacin yana gusawa da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa janyewar ta fi tsanani idan wata ya cika ko yana dab da tsayuwa. Inna, wadda ba ta ƙidaya da kwanan Bature, nan take ta ce ai muna tsakiyar Safar, daren jiya ma farin wata kamar rana. Wato mun faɗo daidai lokacin da ya fi gudu. Kwana biyu tana lura daga barandar ɗakinta, sai ta ce wa ɗanta, "Asuba da la'asar ruwan ga ka zowa, tamkar mai bin jam'i."

Ba zan ce wurin ba shi da kyau ba. Idan ruwan ya janye mata suna shiga da zannuwansu suna aikin wata ciyawar teku da suke nomawa, mwani suke ce mata, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, layi-layi kamar kunyoyin fadama. Na bi su na tsaya kusa da wata dattijuwa, ba ma jin harshen juna, ta ɗebo ta saka mini a hannu, santsi gare ta da ɗan tauri. Abin ya tuna mini da matan da ke bin gulbi da rani in ya ja baya. Amma mu ba don wannan muka tara kuɗi ba. Yara wanka suka zo, kuma in ruwan ya dawo da la'asar sai ya zo da iska mai ƙarfi, Turawa masu wasan lema da katako su cika gaɓar, suna shararawa da gudu. Ashe abin da Paje ta shahara da shi ke nan. Ɗana na tsakiya kuma ya taka wata halitta mai ƙaya a cikin tabkunan da ruwa ya bari, muka yini cire masa tsini a tafin ƙafa. Da an ce mu zo da takalman roba da ba haka ba.

Na biyu shi ne tsarin otal ɗin kansa. An sayar mana da shi a kan cewa kuɗin ɗaki ya haɗa da ci da sha duka, muka ɗauka riba ce. Da muka je muka gane babban abin da ke sa wannan tsari tsada shi ne giya, ana zuba wa baƙi tun hantsi har dare. Mun biya kuɗin abin da ba ma sha. Wurin ninkaya guda ɗaya ne, a tsakiyar fili, manne da mashaya, maza da mata cikin shigar da ba sai na faɗa ba. Babbar 'yata mai shekara 14, wadda na ɗinka wa kayan wanka masu rufe jiki tun daga gida, ta ƙi ko kusantar wurin, ni ma ban matsa mata ba. Da dare kiɗa har ƙarfe goma sha biyu. Ma'aikatan kuwa, in ban da mutum biyu ko uku, Musulmi ne masu kirki. Da suka ga Inna da carbi sai suka riƙa gaishe ta da "shikamoo", gaisuwarsu ta girmama babba, suka koya mata ta amsa da "marahaba". Su suka nuna mana alƙibla, domin babu alama a ɗakin. A can arewa ake fuskanta, ba gabas ba kamar a gida, abin da ya ɗaure wa Inna kai har ta sa aka sake tambayo wani.

A dare na biyu maigida ya kira saurayin ofis. Na zaci zai kare kansa. Sai ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa zuwa ba. Jerin otal-otal anka turo muna, na duba hoto da farashi na zaɓa." Wannan gaskiyar ta sanyaya mini rai, amma ita ce kuma ainihin laifin. Wanda zai tura dattijuwa da yara uku wata ƙasa ya kamata ya san fiye da hoto. Da Makka ce ko Madina, zai gaya maka taku nawa ne daga otal zuwa Harami, da ƙofar da ta fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa. Irin wannan sanin nake nema a nan ban samu ba.

Ya dai yi ƙoƙarin gyarawa. Cikin kwana ɗaya ya sama mana wani ƙaramin masauki a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin, ɗakuna uku da madafa, na wani iyali 'yan garin. Kuɗin kwana guda ya salwanta a otal na farko, amma bayan mun dawo ofishin ya mayar mana da wani kaso daga la'adarsu ba tare da mun roƙa ba. A Nungwi gaɓar tana da zurfi, ruwa yana ja baya kaɗan ne kawai, ana iya shiga kusan kowane lokaci. Da sanyin safiya, kafin baƙi su farka, muke fita mu mata. A nan babbar 'yata ta shiga har wuya, auta kuwa ta ɗanɗana ruwan ta tofar tana ihu wai an zuba gishiri. Inna ta naɗe zani zuwa ƙwauri, muka riƙe ta hagu da dama, igiyar ruwa ta zo ta rufe mata ƙafafu ta koma. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sai tasbihi. A gefen garin masassaƙa suna haɗa jiragen ruwa na katako da hannu, ɗana ya yini wurinsu yana kallon yadda ake cusa auduga a tsakanin alluna.

Abin da ofishin ya dace da shi, ko da sa'a ce, shi ne direban da abokan hulɗarsu suka haɗa mu da shi. Dattijo ne mai farar riga da hula irin ta Omanawa, yana jin Turanci da ɗan Larabci. Shi ya koya mana cewa agogon Sawahili daga fitowar rana yake fara ƙidaya, in ya ce "saa mbili", wato awa biyu, ƙarfe takwas na safe yake nufi. A mota shi da maigida suka riƙa tono kalmomin da muka yi tarayya ta hanyar Larabci: su ce dunia mu ce duniya, su ce habari mu ce labari, asubuhi da asuba, sabuni da sabulu, Alhamisi da Alhamis. Yara suka mayar da abin gasa. Shi ya kai maigida masallaci da asuba, maigida ya dawo yana ba mu labari cewa liman ya karanta Bisimilla a bayyane, kuma ya yi ƙunuti da ƙarfi bayan ɗagowa daga ruku'u, jama'a suna amin da hannuwa a sama. Shafi'awa ne yawancinsu. Ya ce babu wanda ya ko kalle shi don ya saki hannu.

Yini guda muka ba tsohon birnin, wanda suke kira Mji Mkongwe, kuma da na sani da kwana biyu muka ware masa. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, benaye na dutsen teku, ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, a saman wasu an rubuta ayoyi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Sarakunan Oman ne suka mulki wurin, har Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa nan daga Maskat. Babban gidan da Sarki Bargash ya gina a 1883, wanda ake kira Baitul Aja'ib, mun tarar a rufe ana gyara, tun da wani sashensa ya rufta a ƙarshen 2020. Dattijon ya kai mu inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, yanzu coci ne a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufinsu ƙasa-ƙasa, iska sai ta 'yan tsaguna. Na shiga da manyan yaran biyu. Na fito jikina a mace, kuma na gaya musu cewa tarihin ƙasarmu ma bai kuɓuta daga wannan tabo ba, kada su ɗauka labarin wasu ne can nesa.

Gonar kayan ƙamshi kuwa ta Inna ce. Shekara saba'in tana jiƙa kanumfari, ba ta taɓa ganin itacensa ba. Yaron gonar ya tsinko mata ɗanye, jajaja a kan reshe, ta murza ta shinshina ta yi dariya. Ya ɓare ɓawon wani itace ya miƙo, ashe kirfa ce. Ga citta da kurkum ana tono su a gabanmu. Ya ce yawancin kanumfarin ƙasar daga ɗaya tsibirin, Pemba, yake fitowa. Mun kuma hau kwale-kwale mai inji zuwa ɗan tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, waɗanda aka kawo kakanninsu daga Sishel, wasu sun haura shekara ɗari. A nan sai da maigida ya dage aka kawo rigunan kariya daidai yara kafin mu tashi. Duk mai niyyar zuwa ya dage a kan wannan.

Abinci bai ba mu wahala ba. Shinkafarsu mai kayan ƙamshi, pilau, ta karɓe mu, haka kifi gasasshe da fankasun da suke kira mandazi. A filin Forodhani da magariba ake baje tebura ana gashi a bakin ruwa, sai dai a tambayi farashi kafin a ɗora a wuta. Inna ce kwakwar da suke sa wa kusan kowace miya ta gundura. Allah ya sa na ƙullo kuka da daddawa da yaji. Suna da tuwon masara, ugali, sai dai ya fi namu tauri. A madafar Nungwi na kaɗa miyar kuka, matar gidan tana tsaye tana kallon yauƙin, ta ɗanɗana ta ƙara. Ita ta gaya mini itacen kuka yana nan birjik a ƙasarsu, mbuyu suke ce masa, 'ya'yan suke yi wa alewa.

Batun kuɗi, ba zan rubuta jimla ba, domin farashin dala da na tikiti sun riga sun canza. Abin da zan ce shi ne tikitin mutum shida ya cinye fiye da rabin abin da muka tara. Akwai harajin kwana da ake karɓa a otal kan kowane baƙo, ofishin bai sa shi a lissafi ba. 'Yan canji sun ƙi karɓar tsofaffin takardun dala biyu da muka zo da su, a nemi sababbi. Takardar shilin ɗinsu mafi girma ta 10,000 ce, don haka canji kaɗan yakan cika jaka.

Zan sake komawa wurin wannan ofishi? Don biza da tikiti da takardu, gobe ma. Don zaɓen masauki, a'a, sai dai in zaɓa da kaina su biya. Kafin in yarda da kowane wuri zan tambaya a wane gefen tsibirin yake, yaya ruwa ke yi a kwanakin da za mu zauna, kwana nawa ga wata, ko ana iya biyan ɗaki da karin safe kawai, ko akwai inda mace za ta shiga ruwa a natse, da nisan masallaci. A guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin manyan ruwansu ne. Daga Yuni zuwa Oktoba sanyi-sanyi ne da rana mai daɗi.

Makon jiya na koma ofishin na kai wa saurayin ƙullin kanumfari da hoton jadawalin ruwa da na ɗauka a bangon otal. Ya ce akwai wasu iyali daga Arkilla da ke son tafiya a hutun Disamba, ya roƙi in zauna da matar in ba ta labari kafin su biya. Mun sa ranar Asabar bayan la'asar.